Aikin birkin gaban 504: daga Janairu zuwa azumi

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Motar tana ja hagu idan aka taka birki. Cikin gari ba a cika ji ba, amma da zarar ta haura kilomita 60 a awa sai mutum ya danne sitiyari da hannu biyu. Peugeot 504 ce salun, haɗin Kakuri ta farkon shekarun 1980, da injinta na asali mai cc 1971. Inji da fenti an gama su tun bara, birki ne ya rage.

Da safe muka ɗaga ta a garejin Baba da ke Kurmin Mashi. Baba, bakanikena, a kan Peugeot 404 ya koyi aiki, don haka babu lungun 504 da bai sani ba. Tayar gaba ta hagu tana juyawa sumul, ta dama kuwa sai an sa ƙarfi. Da aka cire taya muka tarar fad ɗin ciki na dama, wato takalmin da ke matse faifan diski in an taka birki, ya cinye, saura ƙiris ƙarfe ya taɓa diski, na waje kuma ko rabi bai ci ba. Kalifar wannan motar, wato ƙarfen da ke rungume diski yana danna fad, fistin ɗaya gare ta, a ɓangaren ciki. Idan fistin ya tura fad ɗin ciki, jikin kalifar ne ke zamewa a kan mariƙinta ya jawo na waje. To in zamiyar ta ƙage, fad ɗaya ne kaɗai ke aiki. Shi ma ɗin ba ya sakin diski, yana gugarsa duk tsawon tafiya, ya ɗauki zafi, kamunsa ya ragu, sai ɓangaren hagu ya rinjaya ya ja motar.

Kafin a ɗora wa kalifa laifin duka, Baba ya sa yaronsa ya taka birki ya saki, shi kuma ya buɗe nifil, ɗan notin nan da ake fitar da iska ta cikinsa. Da tayar ta saki nan take, da mun san tiyo ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya shiga amma ba ya barinsa ya koma. Ba ta saki ba. Ke nan fistin ma ya maƙale. Man da ya ɗigo baƙi ƙirin.

Ta hagun ma ba lafiya lau take ba. Robar da ke kare fistin daga ƙura ta tsage, ga danshin mai a bakinta. Mun tsaya a kan za a yi duka biyun, haɗe da tiyo biyu da sabon fad. Ba a gyara birkin gefe guda a bar ɗaya.

Talata, 14 ga Janairu

Na zagaya shagunan kayan mota da tsohuwar kalifa a cikin buhu, daga Oriakpata har Panteka. Duk inda na ce 504 amsa ɗaya ce: "Akwai, Alhaji." Kamar dai 504 ɗin iri ɗaya ce tak.

Motar da ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, aka daina ƙera salun ɗinta a Turai a 1983, amma nan Kaduna masana'antar Peugeot ta PAN ta fara haɗa motoci a 1975 kuma ba a bar 504 ba sai tsakiyar shekarun 2000. An haɗa ta a Ajantina, an haɗa ta a Kenya. Akwai salun, akwai wagon, akwai fikof. Salun ɗin farko na Turai diski ne a ƙafa huɗu, tawa kuwa bayanta duram ne. A wannan dogon zamani kamfanoni daban-daban ne suka yi wa Peugeot kayan birki: Girling na Ingila, da Bendix, da ATE na Jamus. Fad ɗin wannan ba ya shiga kalifar waccan. Saboda haka kafin ka je kasuwa, ka kankare jikin tsohuwar ka karanta sunan da aka zuba a ƙarfen. Tawa Bendix ce. A duk zagayen nan mai shago ɗaya ne kawai ya karɓi tsohuwar ya juya ta ya duba kafin ya ba ni amsa.

Hanya uku ce a gabana. Sabuwa fil a kwali, ta kwaikwayo, wadda ba a rubuta ko ƙasar da aka yi ta ba. Ko 'yar Beljiyam da aka ciro daga wata motar. Ko kuma a farfaɗo da tawa. Baba tun farko ta ukun yake so, ni kuma sauri nake, kuma kuɗin sabuwar bai kai yadda na zata ba. Na ɗauki guda biyu a wani shago bisa sharaɗi. Mai shagon ya ce, "In dai mai bai taɓa su ba, dawo da su in ba su yi ba." Na ce za mu buɗe mu duba ciki, ya ce babu komai.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau ba a ɗaura komai ba, awo kawai aka yi. Baba ya shimfiɗa kwali a kan benci, ya jera tsofaffin biyu da sababbin biyu, ya ɗauko baniya ta awon faɗi da filageji na awon tazara. Sababbin sai ƙyalli suke, yaran gareji har suna yabawa. Baba ya ce, "Ba girin-girin ba, ta yi mai."

Abin da ya fara dubawa bai buƙaci ma'auni ba. Ya riƙe kowace yadda za ta zauna a mota, ya kalli inda nifil ya faɗa. Duk biyun na hagu ne, alhali kwali ɗaya an rubuta dama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kalifar hagu tana ɗauruwa a dama lafiya lau, ramukan noti duk su dace, sai dai nifil ya koma ƙasa. Iska kuwa sama take taruwa. Za a wuni ana taka feda ana buɗe nifil, mai na fita tas babu kumfa, amma feda ta ƙi tauri, saboda iskar na can sama da inda ake buɗewa. Daga nan sai a ce masta ce, wato famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa tayoyi, ta mutu, a sayo sabuwa, matsala tana nan daram. Baba ya ce ya sha karɓar mota da aka sauya mata masta a banza a kan wannan.

Faɗin fistin ya yi daidai: milimita 54 a tsohuwa, 54 a sabuwa. Dalilin auna shi kuwa, akwai kalifofin ƙananan motoci da suka yi kama da wannan ta waje amma fistinsu bai kai ba. Lissafin mai sauƙi ne. Fuskar fistin mai milimita 54 ta kusa murabba'in santimita 23. In matsin mai ya kai 70 a ma'aunin bar, abin da taka birki da ƙarfi ke iya kaiwa, fistin zai danna fad da nauyin da ya kai tan 1.6. Mai milimita 48 fuskarsa murabba'in santimita 18 ce da ɗan ɗori, turinsa bai kai tan 1.3 ba. Bambancin milimita 6 da ido ba ya kamawa ya cinye kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin birki. In aka sa ƙarami a gefe ɗaya kawai, motar za ta ja gefe ko da komai sabo ne.

Tazarar ramukan noti ma daidai. Sai muka gwada mariƙin sabuwar a ƙafar hagu, inda ya kamata ta zauna. Diski ya kamata ya ratsa tsakiyar mariƙi, tazarar ciki da ta waje su zo kusan ɗaya. A nan filageji ya shige waje a sake, ciki kuwa da ƙyar. An gurje fuskar da ke zama a kan ƙafar motar fiye da kima, mariƙin ya karkata wajen milimita ɗaya da wani abu. A tsaye taya tana juyawa, amma diski yana buɗewa in ya yi zafi, boris ma yana da ɗan wasansa a kwana. Yaron Baba ya ce a cusa wosha a cike. Ana yin haka, kuma in da shim ne, wato siririn ƙarfen ciko na gaske, mai kauri ɗaya a duka ramukan biyu, ba laifi ba ne. Amma sabon kaya da za a fara yi wa ciko tun ranar farko, ban ga dalilin sayensa ba.

Sai zancen tiredi, wato zaren da ake murɗa noti a kansa, wanda shi ya fi tsorata ni. Bakin tiyon motar milimita 10 ne, tazarar zarensa milimita 1. Ya shiga ramin sabuwar kalifa zagaye ɗaya da ɗan kai, ya cije. Yaro ya miƙa hannu zai ɗauki sifana.

"Baba, in aka ɗan matsa zai shige."

"Zai shige mana. Ajiye sifanar nan."

Baba ya shiga ɗakin ajiyarsa ya fito da bakin bututun birki na tsohuwar Land Rover. Shi kam da yatsa ya shige har ƙarshe. Ramin na awon inci ne, uku bisa takwas mai zare 24 a inci, wato faɗin milimita 9.5 da tazarar zare 1.06. Kusancin nan shi ne haɗarin. In ka tura na milimita cikin ramin inci da ƙarfi, ka yanka zaren. In kuma na inci ne ka sa a ramin milimita, zai shiga a sake, ya yi kamar ya ɗauru, ya riƙe ƙaramin taki, sai ranar da aka danna birki da gaske ya fice.

A ƙarshe Baba ya hura wa ɗaya iska ya fito da fistin. A bushe aka haɗa ta, babu ko ɗigon man haɗi, kuma a ƙasan ramin akwai ɓarɓashin ƙarfe da ya rage daga injin gurza. Ya lakato shi da yatsa ya nuna mini. Muka mayar da komai yadda muka same shi.

Litinin, 20 ga Janairu

Na mayar. Mai shagon ya ce ya sayar da irinsu da yawa babu wanda ya dawo. Na yarda da shi, domin akasarin masu saye ba sa aunawa, in feda ta ƙi tauri kuma bakanike ake zagi. Ba shi ya ƙera ba, kwalin a rufe ya zo masa. Na nuna masa nifil biyun suna kallon gefe ɗaya, ya girgiza kai, ya ƙirgo kuɗina cif.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun koma kan tsofaffin. Fistin hagu ya fito da iskar kwamfuresa. Ana sa guntun katako a gabansa, a kuma janye yatsu, don in ya tashi fita da ƙarfi yake bugowa. Na dama ya ƙi ko motsi. Baba ya toshe ramin tiyo, ya ɗaura bindigar giris a nifil ya yi ta bugawa, fistin ya riƙa fitowa a hankali. Dabara ce mai kyau, ba ta da tashin hankalin iska, sai dai bayanta akwai wanki mai yawa, domin ko ɗigon giris ba a so ya rage a ciki.

Abin da na fahimta yau, wanda ya sa Baba ya nace a farfaɗo da tsofaffin, shi ne inda kalifa ke riƙe mai. A masta da silindar baya, roba tana jikin fistin ne tana goga bangon rami, don haka in bango ya yi ƙuraje an gama. A kalifa akasin haka ne. Robar tana zaune cikin wani kwarmi da aka yanka a jikin kalifar, fistin ne ke zamewa ta cikinta. Fuskar da dole ta zama sumul ita ce ta fistin. Bangon ramin in ya ɗan yi tabo ba ya hana komai, muddin kwarmin yana da lafiya. Ke nan ƙarfen zubin da ya shekara arba'in yana iya komawa aiki kamar sabo, in aka ba shi fistin mai kyau da sabuwar roba. Ga shi kuma tiredinsa da zamansa a ƙafar mota babu tambaya, tunda da shi motar ta fito.

Wannan robar mai kusurwa huɗu ita ce kuma ke mayar da fistin baya. Babu wani sifirin a ciki. In aka taka birki, fistin yana jan robar ta ɗan lanƙwashe, in aka saki ta koma siffarta ta jawo shi baya da abin da bai fi kaurin takarda ba. Iyakar sakin da birkin diski ke yi ke nan. Da Baba ya zare robar dama, ƙarƙashinta tsatsa ce ta cika kwarmin ta turo robar waje ta shaƙe fistin. Mafarin kuwa tsagaggiyar robar ƙura: ruwan damina ya shiga, ƙurar hunturu ta bi baya. Ya ɗauki lokaci yana kankare kwarmin da lanƙwasasshiyar waya mai dakusasshen baki, bai yarda a sa sukundireba ba.

Fistin dama ya tashi daga aiki, kurom ɗinsa, wato rufin nan mai sheƙi da ke hana tsatsa, ya ɓare, ga ramuka a daidai inda roba ke zama. Yaro ya kawo samfefa. A nan ma Baba ya hana. Gogewa tana cire tsatsa, amma ramin yana nan, kuma in kurom ya tafi sabuwar tsatsa ba ta jira. Na hagu yana da tabo ɗaya, shi ma na ce a sauya.

Wanki da sifirit aka yi, ba da fetur ba. Na san a gareji da yawa fetur ne sabulun komai. Robar birki irin wadda aka yi don man birki ce, ba ta jituwa da duk abin da aka samo daga ɗanyen mai: fetur, kananzir, baƙin mai, giris na gama-gari. In ta sha su sai ta kumbura ta yi laushi.

Nifil ɗin hagu ya karye wajen kwancewa, duk da an jiƙa shi tun jiya an kuma ɗan gasa gefensa. Na kai Panteka wurin masu injin gurzar ƙarfe. Wanda ya karɓa ya san aikin, tun kafin in yi magana ya ce ba zai bari bakin dirila ya kai ƙasan ramin ba, domin can ne nifil ke zama ya toshe mai, ba a zarensa ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Jira ake. Robobin sun iso daga Ƙofar Ruwa a Kano ta hannun direban tashar Kawo, kuma sun yi daidai da kwarmin. Fistin ne ya yi wuya. Na sayi 'yan Beljiyam biyu don in ciri nasu, ɗaya ya fito tas, ɗayan ya fi nawa lalacewa. Abin da ke tattare da kayan Beljiyam ke nan: ƙarfen na asali ne, amma ba ka san shekara nawa ya yi a yashe da tsohon mai a cikinsa ba. Wanda ya ɗaura su yadda suka zo ba tare da ya buɗe ba, caca ya yi.

Wani mai injin gurza ya ce zai fafe mini fistin daga sandar ƙarfe. Na ƙi, don ƙarfen gama-gari ne ba kurom, damina ɗaya ta ishe shi. Da ƙarfen da ba ya tsatsa ne, kuma zai iya goge fuskarsa ta yi santsi sosai, da na saurare shi. Na ba da saƙon fistin Legas.

Don kada a ce na yi wa sababbin kalifa kuɗin goro: wani abokina mai wagon ya kawo nasa guda biyu da ya yi odarsu daga waje, su ma ba na asali ba ne, Baba ya bi su da awo ɗaya bayan ɗaya. Hagu da dama daidai, tiredi na milimita, diski a tsakiya, ciki tsaf da man haɗi. Kuɗinsu ya kusa ninka na waɗanda na mayar. Daga kallon kwali dai ba za ka bambance su ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Fistin ya iso ranar Alhamis, yau aka haɗa. An shafa wa roba da fistin sabon man birki, fistin ya shiga da matsin manyan yatsu biyu. In sai an sa guduma ko matsi, to wani abu bai zauna ba, a fito da shi a duba. Sanya robar ƙura ya fi komai cin rai, sai da bakinta ya zauna zagaye ɗaya babu inda ya ɗage.

Diski biyun kaurinsu bai sauka ƙasa da iyakar da littafin gyaran motar ya gindaya ba, don haka ba a sauya su ba. Amma Baba ya dasa agogon awo ya juya kowanne ya ga ko yana rawa. Na hagu ya haura kashi ɗaya cikin goma na milimita. Diski mai rawa yana tura fistin baya a kowane zagaye, sai ka ji takun farko ya tafi ƙasa, na biyu ya kama. Aka sauke hob, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kanta, aka raba shi da diskin, sai ga tsatsa a tsakaninsu. Aka kankare, aka wanke boris aka sa sabon giris aka daidaita shi, rawar ta koma rabin abin da take. Ƙurar tsohon fad da tsumma mai jiƙa aka share ta. Fad na wancan zamani da yawa akwai asbestos a ciki, ba abin hurawa da kwamfuresa ba ne a shaƙa.

Notocin da ke riƙe mariƙi na asali muka mayar, masu lambar ƙarfi a kansu, aka ɗaure da sifanar awo bisa adadin littafi. Notin kasuwa marar lamba ba ya zuwa wurin nan. Wuraren zamiya an goge su har suka yi haske, aka shafa giris mai jure zafi sama-sama, nesa da fuskar fad. Yanzu kalifar tana zamewa da turin hannu.

Sabon tiyo akwai layi a jikinsa daga kai zuwa gindi, don a gane in ya murɗe. An fara ɗaure shi a kalifa, sannan a jikin mota. Aka karya sitiyari ƙarshen hagu da ƙarshen dama, mota a ɗage ƙafafu na lilo, sannan a ƙasa, a ga bai miƙe tsam ba kuma bai taɓa taya ko shokazoba ba. Wilin inci 14 ya zauna babu guga.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Cire iska. Mun zuƙe tsohon mai daga kofin masta, muka zuba sabo nau'in DOT 4 daga gwangwanin da aka fasa a gabana. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa ba na sayen na awo daga buɗaɗɗiyar jarka. Ƙa'idar DOT 4 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 yana sabo, amma in ya sha ruwa iyakar tana sauka zuwa 155. Na DOT 3 kuwa 205 ne da 140. Mai da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma yana matsuwa, feda ta tafi ƙasa a gangara. Ana iya haɗa 3 da 4, amma DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da su.

Baba ya sa katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa. Mastar tsohuwa ce, robarta ta saba da ɗan gajeren zango. In aka tura ta can ƙurya inda datti ya kwanta shekara da shekaru, tana iya yagewa, a gyara kalifa a kashe masta. An fara daga tayar da ta fi nisa da masta aka ƙare a mafi kusa. Gaba ya ba da mai da ƙarfi. Baya kuwa ɗigo-ɗigo, ko da aka sauke motar ƙasa nauyinta ya hau ƙafafun. Baba ya ce a rubuta wannan.

Na danne feda da ƙarfi na riƙe rabin minti, ba ta nutse ba. Aka bi kowane mahaɗi da farar takarda, babu danshi. Tayoyin gaba suna kamawa, suna saki nan take.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Gwajin hanya a titin Yakowa da sassafe, kafin motoci su yi yawa. Sabon fad ba a fara shi da birkin gaggawa. Daga kilomita 60 a sauko zuwa kamar 10 da matsakaicin taki, a sake hawa, a maimaita, ba tare da an tsaya cak da ƙafa a kan feda ba alhali diski na da zafi. Bayan nan muka yi tafiya mai ɗan nisa babu birki don ya huce.

Jan hagu ya tafi. Na sassauta riƙon sitiyari na taka, ta tsaya a miƙe. Da na'urar auna zafi ta nesa muka duba diski biyun, bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Aikin kalifa dai ya yi.

Amma motar tana dunƙura hanci fiye da yadda na san 504, kuma a inda yashi ya hau kwalta tayoyin gaba sun kulle da wuri. Baba ya sa hannu a duram na baya. Sanyi ƙalau, bayan duk wannan taki.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya rage mana awannin aiki, daga hantsi zuwa azahar ne kawai. An leƙa kalifa biyun, babu danshi, fad na ci daidai ciki da waje.

Matsalar baya ta fito fili. A ƙarƙashin motar akwai wani bawul da ke daidaita man da ke zuwa birkin baya gwargwadon lodi: in bayan motar ya zauna saboda kaya ko fasinja sai ya buɗe sosai, in babu kowa ya rage. Nawa ya ƙage a wajen ragewa, kuma sifirin ɗin da ke haɗa shi da ƙafar baya babu shi, waya aka ɗaura a madadinsa tun wani zamani. Ke nan gaba ne ke ɗauke da kusan dukkan aikin tsayar da motar. Da aka buɗe duram kuma, silindar hagu tana tsatsafo, ta jiƙa takalmin birkin.

Wani bakanike maƙwabcin Baba ya leƙo ya ce, "Alhaji, cire shi kawai a ja bututu kai tsaye, haka muke yi wa 'yan tasha." Motar haya da kullum take cike maƙil wataƙila ta sha da hakan. Tawa yawanci ni kaɗai ne a ciki. In baya ya sami cikakken matsi babu nauyi a kansa, shi zai riga gaba kullewa, kuma motar da bayanta ya kulle juyawa take yi, musamman a jiƙaƙƙiyar kwalta. Bawul ɗin zai zauna.

Baba ya sauke shi ya jiƙa, zai gwada ko zai motsa. In ya ƙi, akwai wata mushen 504 a Panteka da aka ce nata yana jiki har da sifirinsa, zan je in gani ranar Litinin. Silindar baya biyu da takalma na ba da saƙonsu Kano, da sharaɗin da na yi a kan kalifa: za a auna faɗin ciki da tiredi a kan tsofaffin kafin mai ya taɓa su.